Ranar da Uban Amarya Ya Zo Neman Sanusi

Cikin ranakun aikina akwai wadda ba ta taɓa fita raina ba, wata Lahadi a daminar bara. Ni ce mai shara da tarbar mutane a wani ƙaramin asibitin kuɗi na masu lalurar ƙwaƙwalwa nan Illela. Likita daga Sakkwato yake zuwa ran Lahadi, saboda ranar kasuwa ce, kowa na iya cewa cefane ya fito. Doka ɗaya ya kafa mini: duk wanda na gani a ciki, ban gan shi ba.

Akwai wani saurayi, Sanusi tela, da ke zuwa allurar wata-wata. Ya samu sauƙi sarai, har an sa ranar aurensa. Yana jiran layi sai na ji sallama a zaure. Tun ban ga fuska ba na gane muryar Alhaji Ummaru mai albasa, uban yarinyar da zai aura. Na finciki Sanusi na tura shi ɗakin tsintsiya.

Alhaji ya ce, "Hassi, Sanusi nike nema."

Na ce, "Alhaji, Sanusi ai sun yi yawa garin nan."

Ya samu benci ya zauna. "To, ina jiran nawa."

Na kawo ruwa, na share inda na riga na share, na fita, na dawo. Na faɗa wurin likita: "Likita, mi za mu yi?"

Ya ce, "Ba ke za ki faɗi ba, ba ni ba. Je ki tambayi mai maganar."

Na tarar da Sanusi gumi ya jiƙa masa riga. Na ce ga katanga gajera ta baya, in zai gudu. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Gwaggo, in na haura yau, haurawa zan yi ta yi har in tsufa."

Ya fito, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Alhaji. "Baba, nan nike karɓar magani."

Alhaji ya ce, "A tasha na ji. Na zo in gani, ɗiyata za ka ɓoye ma ciwonka ko a'a. Tashi mu shiga wurin likita, in ka yarda. Ina da tambayoyi."

Sun daɗe ciki. Bayan Sallah aka ɗaura auren.

Shi ya sa nike gaya muku, ku sababbin ma'aikata, namu rufe baki ne. Buɗewa ta mai ciwon ce, ranar da ya ga zai iya.