Takardar Dawowa

Shekarar da na samu gurbin karatun likita a wata ƙasa ta gabashin Turai, mutanen Dutse ba su da aikin yi sai tambayar halal da haram. Shari'a ta shigo sabuwa fil, kowa ya zama mai ba da fatawa. Ɗan acaɓa zai ɗauko ka daga tasha, kafin ya sauke ka a Limawa ya gaya maka hukuncin tsawon wandonka da na askin kanka, sannan ya ce ba shi da canji. A wannan lokacin ne ofishin jakadancin ƙasar ya ga dama ya ce babu biza sai da inshorar lafiya da ta tafiya.

Ni inshorar da na sani ita ce wadda direba ke miƙa wa ɗan sanda a hanya. Kawuna, ƙanen Inna, akawu ne a sakatariya, kuma shi ya yi ta fama da takarduna tun farko, don haka shi ya zo ya yi wa Baba bayani. Ya ce kamfani ne, ka ba su wani abu tun kana lafiya lau, in ka kwanta ciwo a can su biya asibiti.

Baba ya ce, "In bai kwanta ba fa?"

"Shi ke nan, Malam, sun ci."

"In ya kwanta kuma mu muka ci."

"To, kusan haka ne."

"Caca ke nan. Caca da lafiyar ɗana." Ya naɗe buzunsa ya shige gida.

Baba hatsi yake aunawa a kasuwar Shuwarin, kuma mutum ne mai magana ɗaya. Ni kuwa na riga na sayi kwat ɗin sanyi a wurin 'yan gwanjo, har na gwada shi a zafin Dutse na kusa suma. Unguwa kaf an fara ce mini Likita, har wata tsohuwa ta kawo mini jikanta in duba masa kunne. Yanzu a ce tafiya ta fasa? Wallahi abinci ma daina shiga ya yi. Ga ranar rufe karɓar takardu tana ta matsowa.

Kawu ya lallaɓa ya kai maganar wurin limamin unguwa. Liman ya saurara, ya ce shi ma abin bai kwanta masa ba, amma lalura ce: ba yaron ya nema ba, dole aka yi masa, kuma neman ilimin magani ba wasa ba ne. Baba ya karɓi fatawar kamar yadda ake karɓar maɗaci. Amma ya kafa sharaɗi, ya ce shi ba ya ciniki da wanda bai gani ba, sai mai inshorar ya zo da ƙafarsa sun haɗa ido.

A Dutse ta lokacin ba ofishin inshora ko na magani. Daga Kano Kawu ya ɗauko mutumin, ranar wata Asabar, ranar da duk ma'aikatan garin suka gudu Kano wurin iyalinsu, shi kaɗai ya yo ta nan. Saurayi ne fes, Bakano, da laktaye da jakar hannu, baki kamar an shafa masa mai. Aka shimfiɗa masa tabarma a soro, aka kawo fura da dabino. Inna kuma ta ɗauko faifanta ta zauna tsintar shinkafa a bayan ƙofar soron, wurin da tunda aka gina gidan ba a taɓa tsintar shinkafa ba.

Gaskiya ya iya aikinsa. Ya yi bayanin asibiti, ya yi na magani, ya ce ko jakata ce ta ɓata a jirgi za su san abin yi. Duk inda ya kamata ya ce insha Allahu ya faɗa. Baba har ya karɓi biro, yana juya shi yana neman inda ake dannawa. Da mutumin nan ya ja bakinsa ya yi shiru a nan, da an gama lafiya. Ina! Daɗi ya kwashe shi.

Ya ce, "Ai Baba ban ma gaya maka babbar garaɓasar ba. In ta Allah ta kasance a can, mu za mu dawo muku da shi har gida. A sa shi a ƙanƙara, a samu akwati mai kyau na ƙarfe, a sako shi a jirgi. Ku dai ku je filin jirgin Kano ku karɓa, ba ruwanku da wahala."

Ina zaune a gefe ana maganar akwatina.

Baba ya ajiye biron a hankali. Ya ce, "A ƙanƙara. Kamar kifi."

"A'a, Baba, ai don kada..."

"Musulmi ya cika, maimakon a yi masa wanka a sallace shi a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, sai a ajiye shi ana jiran jirgi? Ƙasar can ba ta Allah ba ce? Duk inda mutum ya mutu nan ƙasarsa take. Kai, yaro, sha furarka ka kama hanya tun da sauran mota."

Kawu ya dafe kai. Mai inshora ya fara tattara takardu, laktayen ya karkace. Ni kuma na ga kwat ɗina ya zama na masu gadi.

Sai muka ji muryar Inna daga bayan ƙofa. "Malam."

Baba ya ce, "Da baƙo fa."

"Na ji shi ai. Malam, ka sa hannu."

Tunda nake ban taɓa jin Inna ta sa baki a maganar soro ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma shigo ba, daga inda take ta yi maganarta. Ta ce tana ƙarama, a ƙauyensu can wajen Kafin Hausa, mahaifinta ya tafi Makka ta ƙasa shi da wasu mutane. Wani ya ce ya gan shi a Sudan yana noman auduga, wani ya ce a'a, ya haye teku. Daga nan ɗif. Ta ce mahaifiyarta ta tsufa ba ta san ko matar aure ce ita ko takaba ya kamata ta yi ba, kuma har ta bar duniya in an yi sallama da baƙuwar murya sai ta miƙe.

Ta ce, "Ni ba zan yi wannan zaman ba. In da rai ya dawo da ƙafarsa. In babu, a kawo mini shi, ko a ƙanƙara ne, in san inda yake kwance. In da laifi a rubuta a kaina."

Kawu, wanda yana goye aka yi waccan tafiyar, ya sunkuyar da kai. Baba ya sake ɗaukar biron yana juya shi. Can ya ce wa mai inshora, "Ina ake danna abin nan?"

Haka na tafi. Inna ta sa aka yi mata hoton takardar ta ajiye a ƙasan kwalla, ta kuma raɗa mata suna takardar dawowa. Ba ta yi boko ba, saboda haka kaset take ɗauka a ba duk mai tahowa ya kawo mini. Ta ba ni labarin akuyarta, da wanda ya yi aure, da wanda aka yi wa bulala a gaban kotu, a ƙarshe kuma kullum tambaya ɗaya: na sabunta takardar dawowa? Ina sabuntawa duk shekara. Sau ɗaya tak na ci moriyarta, da aka cire mini haƙori. Da labari ya kai wa Baba, ya ce dama ya faɗa, an cinye mu.

Ina tsakiyar karatu, da damina, Inna ta yi ɗan gajeren zazzaɓi. Ta cika bayan sallar asuba, kafin hantsi an kai ta, kamar yadda ake yi wa kowa. Wayar hannu ba ta zo mana ba tukuna. Kafin Kawu ya samu layi daga wayar ofis zuwa ta ɗakin kwananmu, har an yi sadakar uku.

Ban san abin da ya kai ni ba, amma washegari na ɗauki takardar na tafi ofishin kamfanin na can. Wata mata mai kirki ta karanta ta tsaf, ta yi mini ta'aziyya, ta ce irin tawa mai takardar kaɗai ta shafa. Da ni ne na mutu, in ji ta, da a ranar za su fara shiri. Na yi mata godiya. Na fito na zauna a wurin jiran bas na yi kuka sosai, ban ji kunyar kowa ba.

Sai da na gama karatu na dawo, da ƙafata. Ko jaka ban buɗe ba na ce Baba ya kai ni kabarin Inna. Ya tsufa, har ya fara dogara sanda. Muka shiga maƙabarta, ga kaburbura nan jere, ba suna ba allo, irin namu, sai fasassun tukwane da 'yan itatuwa, damina bayan damina ta bi ta kansu ta daidaita su. Baba ya yi gaba, ya tsaya, ya dawo baya kaɗan. Ya ce da akwai wata 'yar aduwa da yake kwatance da ita, an sare.

Ya nuna da sanda. "Wannan ne." Ya ƙara dubawa. "Ko na kusa da shi."

Na ce, "Baba, wanne?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Yi wa layin duka addu'a. Tana ciki."

Na ɗaga hannu na fara daga na farko.