Yadda Gwaggo Farfesa Ta Rufe Bakin Kaka

Gwaggona, ƙanwar Babanmu, ita ce farfesar nan da ake nunawa a talabijin da tabarau a saman goshi. Ni boko bai karɓe ni ba, amma aikinta na gane shi tsaf. Allura take yi wa mutum, mai sukari da wani sinadari, ta tura shi cikin na'ura kamar burodi a tanda. Wai ciwon daji kwaɗayin zaƙi gare shi, yana shan sukarin sai ya haska a hoto, asirinsa ya tonu.

Tun tana ƙarama take da leƙen ciki. Baba ya ce ƙwai take ɗagawa a gaban fitila, rediyon gidan ma ta farke ta don ta ga masu magana. Da ta girma sai aka fara biyan ta a kan wannan halin.

Dokarta ɗaya ce. Bayan allura ka kwanta tsit, ba magana, ba tauna. In ka yi surutu naman wuya zai sha sukarin ya haska, a rasa gane ciwo ne ko gulma. Manyan mutane sun bi wannan doka suna rawar jiki.

Sai ƙari ya fito wa Kaka a wuya. Uwarta fa, matar da ko a barci tana ba da labari.

Ana gama allurar ta kama nas da hira. Ta kushe labulen ɗakin, ta tambayi yarinyar me ya hana ta ƙiba, ta bi dangin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Hoto ya fito maƙogwaro na walƙiya kamar shagon fitilu. Gwaggo ta kasa tantance komai, damuwa ta hana ta cin abinci.

A zuwa na biyu ni na riƙe jakar Kaka. Ana zare allura, Gwaggo ta sunkuya ta gyara mata matashi.

"Mama, dama ina so in faɗa miki. Miyar matar Yaya ta fi taki daɗi."

Matar Yaya uwata ce. Kaka ta dube ta sama da ƙasa, ta juya fuska bango. Ko tari ba ta yi ba har aka fito da ita daga na'ura.

Hoto ya fito fes, ba daji, wani ƙullutu ne na banza. Gwaggo ta shige bayan ƙofa tana share hawaye da farar rigarta.

Matsalar, Kaka ba ta huce ba. Kullum Gwaggo sai ta zo ta share kwano biyu na miyar Kaka, har da suɗe yatsa, Kaka na zaune kusa da ita amma ni take kallo.

"Ke, gaya wa likitar can ta ci a hankali. Ai ba daɗi."