Ranar da Baffa Ya Ce In Matso

Jiya a rediyo aka yi maganar taurarin da ke tsirowa cikin gajimaren ƙura, sai na tuna Baffa. Shi ya dage cewa boko zai raba ni da addini. Bayan samun 'yancin kai, ina malamin firamare, na je Likoro gaishe shi. Muna jin ɗumi a zaurensa, na ce, "Baffa, an gano jariran taurari da ido ba ya gani. Ta zafinsu aka gane su." Ya ɗora tafinsa saman tokar murhu, ya ce, "Lallai akwai wuta a ƙarƙashinta. Matso, ƙarasa mini." Tun shigata makaranta bai taɓa cewa in matso ba. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya yafe masa.