Mai Birki da Igiyar Shanya

A bayan layinmu akwai wata rumfar kwano, a nan Mai Birki ya ƙare ƙuruciyarsa. Ba ruwansa da inji ko fitila, birki kaɗai yake gyarawa. A zamanin da nake kai masa tsohuwar motata, ba ya ɗaukar sifana sai ya shiga ya taka birkin tukuna. In ya ji laushi kamar soso, iska ce ta shiga. In yana nitsewa a hankali, mai na yoyo. In mota na jan gefe, wata taya ta fi 'yar'uwarta kamawa.

"Ƙafarka ta tura mai, mai ya tura ƙarfe ya damƙe taya," in ji shi. "Mai ba ya matsuwa. Amma in iska ta shiga tsakani, ita kake ta takawa a banza."

Cire iska aikin mutum biyu ne, kuma matarsa ce ta biyun tun suna da jini a jika. Tana zama a kujerar direba, ta tattaka birki, ta danne, ta ce, "Na riƙe!" Shi kuma yana kwance a ƙarƙashi, ya sassauta noti, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, ya ce, "Saki!" In aka yi saɓani, iska ta koma ciki.

Da girma ya zo, kunnensa ya yi nauyi. Wata rana ya buɗe noti ba a kan gaɓa ba, mai motar kuwa ya dawo yana faɗa, don saura ƙiris ya daki katanga.

Babbar 'yarsu ta ce, "Baba, rayukan mutane ne fa. A rufe rumfar nan."

Bai yi musu ba. Ya ce in ba zai ji "na riƙe" ba, gara ya rufe.

Da safe matarsa ta kwance igiyar shanya, ta ɗaura masa a babban yatsan ƙafa, ta shiga mota da ɗaya bakin. Ta ce in ta danne za ta ja.

"Yau kuma akuya na zama?" in ji shi.

"Akuya ai tana ji in an kira ta, Maigida. Shiga!"

Motata aka fara gwadawa. Matar ta ja igiya, ya buɗe, ya ɗaure, ya buga sifana a ƙarfe, ta saki. Suka zagaye tayoyin duka. Ya kira 'yar ya ce ita za ta yanke hukunci. Ta shiga ta taka, birki ya tsaya ƙyam kamar dutse. Ta sake takawa da ƙarfinta, bai motsa ba.

Ta leƙo ta taga ta ce, "Umma, ki dai rage ja, kar ki cire masa yatsa."