Neman Doyar Kurmi a Bayan Doma

Mun tashi da asuba, ana idar da salla, ni da ɗana wanda yake koyarwa a makarantar noma ta Shabu. Shi ne yake rubuta wannan da kuke karantawa, don ni ban taɓa zama a aji ba, ba na kuma jin kunyar faɗa. Na dai gargaɗe shi kada ya gyara min magana. Ku matan unguwa da kuka yi ta aiko tambaya ko mun samo, ku natsu ku ji, don ba zan maimaita ba.

Bakina ne ya jawo tafiyar nan. Wata rana na bi shi wurin aikinsa, ya zaunar da ni gaban kwamfuta, ya ce wai masana na duniya sun haɗa kai suna tara duk wani abu mai rai da Allah ya halitta wuri guda a intanet, kowanne da shafinsa, da hotonsa, da ƙasar da yake zama. Na ce sun ɗauko kayan da ya fi ƙarfin wuyansu, amma bari in gwada su. Na ce ya nemo min gafiya, sai ga gafiya. Tarwaɗa, ga ta. Ɗorawa, kirya, har kaska da ke jikin kare an ba ta shafinta kamar wata mai sarauta. Ya nuna min wani kifi na ƙasan teku mai fitila a goshi, fuska a murtuke kamar ya kwana da ciwon haƙori. Na yi dariya har abokan aikinsa suka taru.

Sai na ce ya nemo min doyar kurminmu.

Ya fito da doyoyin daji iri-iri. Wasu da hoto, wasu kuwa suna ne kawai a sama, wurin hoton fayau babu kome. Na duba masu hoton ɗaya bayan ɗaya, babu tamu. Tamu tana da ƙaya a gindin igiyarta, bayan ganyenta ja-ja ne, in an dafa ta cikinta yakan yi kamar an ɗiga masa ruwan zoɓo. Da farko ta ɗan yi ɗaci a harshe, daga baya zaƙin ya taso. Ɗana ya ce ko dai tana cikin waɗannan masu suna babu hoto, ko kuma ba a kai gare ta ba tukuna. Shi ba zai iya yanke hukunci ba sai ya gan ta da ranta, da ganye da igiya, ya ɗauki hoto ya aika wa waɗanda aikinsu ke nan. Nan na gyara zama, a gaban mutane, na ce ko an ɗaure min ido zan kai shi inda take. Na ce kifi mai fitila ba zai sami shafi ba a bar abin da ya raya mu a shekarar yunwa.

Ina da dalilin cika baki. A ƙauyenmu na bayan Doma aka haife ni, kafin aure ya kawo ni Lafia. A kurmin bakin rafi mahaifiyata ta koya min haƙarta. Ba a tone ta kamar doyar gona. Ta gefe ake shiga, a hankali, a yanke ta ƙasa da kai, a bar kan da igiyarsa a ramin, a mayar da ƙasa, a danne da diddige. Ba a zuwa gida da kai. Wadda duk aka gani da kai a kwandonta, ranar sai ta sha zagi daga tsofaffi har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Shi ya sa rami guda yakan ciyar da uwa, ya ciyar da 'ya. Na kuma san ƙawata ta ƙuruciya, wadda har yau tana ƙauyen, ta taɓa dasa guda a bayan ɗakinta, igiyar tana hawa bishiyar ɗorawa. Saboda haka kafin mu tashi na sa ɗana ya buga wa ɗanta waya, ya ce ina nan tafe, kuma saboda doyar kurmi zan zo. Mace irina ba ta faɗa wa mutane gida kamar wadda aka koro.

A tashar motocin Doma da ke Lafia muka sami ƙaramar bas. Kuɗin mota ya hau har na tambayi kwandasta ko da abinci a ciki. Aka cusa mu kamar buhunan rogo, wata mata ta ɗora min kazarta a cinya ba ta ko nemi izini ba. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cinye hanya, direba yana kauce wa rami yana faɗawa wani. Manyan motoci suna wuce mu ɗauke da sabuwar doya, gonakin riɗi sun yi fure fari hagu da dama. Abin da ya fara tsinka min zuciya shi ne buhunan gawayi. An jera su a bakin hanya, baƙaƙe, an toshe bakinsu da ganye, ka wuce waɗannan ka tarar da waɗancan. Na tambayi kaina daga ina itacen yake fitowa, na kuma ƙi ba kaina amsa.

A Doma muka karya kumallo da kunun gyaɗa da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an sa masa abu, amma kunun babu laifi. Daga nan sai acaɓa, don mota ba ta shiga hanyarmu. Wanda ya ɗauke ni ya ce da gurguwar Hausarsa, "Mama, ka riƙe ni da kyau, hanya no good." Na riƙe shi kuwa, riƙon da na tabbata har gobe yana jin farcena a haƙarƙarinsa. Laka ta yi min ado har gwiwa.

Na ce mu fara tsayawa a kurmi kafin mu shiga gari. Na yi ta zuba ido ina jiran wurin da hanya take yin duhu da sanyi, inda birai suke jifan mutane da 'ya'yan itace. Muka wuce gonar rogo, muka wuce gonar riɗi, sai ga rufin kwanon ƙauyenmu. Na ce wa ɗan acaɓa ya yi ɓatan hanya. Ya ce hanya ɗaya ce tun da aka haife shi. Muka juya baya. Da wani faffaɗan dutse na gane wurin, dutsen da muke wanki a kansa. Yana nan a tsakiyar gona, rana tana dukansa. Rafin ya koma ɗan kwararo da yaro zai tsallake. Kututture ko'ina, da tabon baƙar ƙasa inda aka gasa gawayi.

Mai gonar yana nan yana aiki, wani Batibi mai fara'a. Ya bar fartanyarsa ya zo ya gaishe ni har ƙasa. Ya ce shi haka ya tarar da wurin, ya kuma nuna min bukkarsa da yara suna wasa a ƙofa. Me zan ce masa? Yaran nan abinci za su ci. Duk da haka na bi gefen kwararon ina ɗaga ciyawa da sandata, ɗana yana bayana da kamara a wuya. Rana ta take. Babu ƙaya, babu jan ganye. Ɗana ya rufe kamararsa. Na ce masa kada ya damu, ta bayan ɗakin ƙawata tana nan, da ma ita ce abin dogarona.

Muka shiga gari. Ƙawata tana zaune a kan tabarma, ƙafafu sun kumbura, ido ya yi hazo, ba ta iya tashi. Da muryata ta gane ni. Ta ce, "Tsohuwar birni, sai yau? Na ɗauka sai a makokina za ki zo cin shinkafa." Na ce ai ke ba za ki mutu ba, Mala'ikan mutuwa ma tsoron bakinki yake yi. Muka rungume juna muna dariya muna hawaye. Ta tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunan da muke kiransu suna ƙanana. Ina so in ce a kai mu bayan ɗaki, amma ba a shiga gidan mutane a tsallake gaisuwa a nufi bishiya. Aka kawo ruwa muka sha. Aka ba ni wuri na yi azahar, don su gidan Kirista ne amma sun ajiye min buta tun safe.

Ina sallamewa sai ga matar ɗanta, wata yarinya mai ladabi da aka auro daga wajen Ashige, ta durƙusa ta ajiye kwano a rufe, da manja da barkono a gefe. Ƙawata ta ce in buɗe da kaina. Fuskarta tana ta haske.

Na buɗe. Tururi ya bugi fuskata. Yanka-yanka ne, cikinsu kamar an ɗiga ruwan zoɓo.

Ban san lokacin da na kai loma baki ba. Ɗacin nan ya zo, zaƙin ya biyo baya, sai ga ni yarinya a bakin rafi, mahaifiyata tana goge wuƙa a zaninta. Ina cikin taunawa hankalina ya dawo. Na tambayi ƙawata inda aka samo.

Ta ce, "Ta bayan ɗaki mana. Ita kaɗai ta rage a ƙasar nan kaf. Shekara nawa ina hana kowa taɓa ta, har jikokina. Da aka ce kina tafe saboda ita, na ce to, ranarta ta zo. Wa zan ba in ban ba ki ba?"

Na ce, "Kan fa, ƙawa? An mayar da kan?"

Ta juya inda take jin motsin yarinyar ta tambaye ta. Yarinyar ta dube ni ta dubi surukarta. Ta ce, "Wane kai, Mama? Na cire shi duka, ban bar kome ba. Na ce kada ya lalace a ƙasa." Da murna ta faɗa, tana jiran a yaba mata. A gidansu doyar gona suka sani, wadda ake tonewa gaba ɗaya a kai rumbu. Ƙawata kuwa ba ta faɗa mata ba, don a kanta wannan ba abin faɗa ba ne, kamar a ce wa mutum ya rufe baki in zai haɗiye ruwa. Kan ya yi tauri, ta sassare shi ta zubar wa awaki tare da ɓawon. Igiyar ta jawo ta daga bishiya tun jiya, awakin sun kwana suna ci.

Muka zaga bayan ɗaki ni da ɗana. Ga ɗorawa, ga rami a buɗe. Ya tsugunna yana tsintar abin da awaki suka bari, ya sami guntun igiya mai ƙaya biyu, a tattaune, babu ganye ko ɗaya. Ya juya shi a hannu, ya ce min a hankali wannan ba zai isa a gane kome ba. Hoton dafaffiyar doya kuma ba ya nuna ko wace ce. Na durƙusa na zura hannu cikin ramin har kafaɗa ina lalube ko an bar ɗan saiwa. Ƙasa ce kawai mai sanyi. Na mayar da ƙasar, na danne da diddige yadda aka koya min, a kan babu.

Da na dawo tabarma na tarar yarinyar tana kuka a bakin madafa. Ɗana ya buɗe baki zai yi bayanin kwamfuta da hoto, na harare shi ya rufe. Ƙawata ta ba ni abin da ya fi kome daraja a gidanta. Na jawo kwanon na ce wa yarinyar ta share hawaye, dahuwa ta yi daidai. Na ci. Na sa wa ƙawata a baki ta ci. Na tilasta wa ɗana ya ɗanɗana, ya ce da ɗaci, na ce ya jira. Ban bar ko gutsure ba, na suɗe manjan da yatsa. Ban taɓa cin abinci mai daɗi da wuyar haɗiya irin wannan ba.

Kafin mu tafi na roƙi ɗanta ya kewaye ramin da ƙaya, kada awaki su taka, ko Allah zai sa wani abu ya tsiro da ruwan farko. Ya ce to. Ni da na zura hannu na san abin da ke ciki.

A hanyar dawowa ban ga riɗi ba, ban ji ramuka ba. Buhunan gawayin nan kawai nake gani, an fara loda su a mota za a kai birni, wataƙila har da wanda zan saya in dafa tuwo. Mun iso Lafia ana kiran magariba. Bayan kwana biyu ɗana ya ce ya sake duba shafukan nan masu suna babu hoto, suna nan yadda muka bar su. Abokan aikinsa sun tambaye shi labari, ya ce musu Mama ta kai shi har wurin. Bai yi ƙarya ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai daɗi ba ne. Da nakan ɗauka mugunta ce take ƙarar da abubuwa a duniya. Ban ga mugu ko ɗaya a hanyar nan ba. Na ga mai gona da yaransa, na ga yarinya mai ladabi, na ga ƙawa mai ƙaunata. Masu tara halittun nan a kwamfuta ina yi musu fatan alheri, amma su yi sauri, don abin da suke ƙirgawa yana ƙarewa ta baya. Doyar kurminmu ba ta da hoto, ba ta da shafi, ba ta da rami. Ɗacinta da zaƙinta suna nan a harshena, ni kuma haƙorana sun fara zubewa.