Dusar da Mai Tata Ya Raina

Shekara ashirin Mai Tata yana matse 'ya'yan itace a shagonsa na bakin tasha, ba a taɓa tsintar zare ɗaya a kofinsa ba. Sau uku yake tacewa: rariya, ƙyalle, sannan wani ƙyallen da ya fi laushi. Sai ya ɗaga kofi ya hango rana ta ciki, ya ce wa mai saye, "Wannan lafiya ce zalla." Yadda yake hura hanci, ka rantse shi ya ƙirƙiro inabi.

Dusar da ta rage, ɓawon tuffa da zaren mangwaro, a bokiti yake jibgewa. Matarsa ba ta iya kallon ɓarna, sai ta kwashe ta kwaɓa da madara ta ci. Ko wannan bai bar ta ta ci da daɗi ba. A gaban direbobi yakan ce, "Ni mace na aura ko akuya?" A yi ta dariya, ita kuwa ta haɗiye.

Kwatsam cikin mai sayar da lafiya ya ƙi. Kwana biyar ba bayan gida, ga kumburi, ga nishi. Ciwon bai tsorata shi kamar 'yan tasha su ji ba, don haka asibitin wata unguwa mai nisa ya sa matar ta raka shi.

Likita ta saurari tarihin tatarsa har ƙarshe, ta ajiye biro.

"Malam, akwai ƙananan halittu masu amfani a hanjinka. Sinadaran da ke ba 'ya'yan itace launi da bauri, da yawansu a manne suke da dusar nan. Ita ke kai su can ƙasan hanji, ita ce kuma abincin halittun da ke farfasa su jiki ya amfana. Kai ruwan zaƙi kake sha, ka bar su da yunwa. Ina kake kai dusar?"

Ya saci kallon matarsa.

"Ni nake ci," in ji matar.

"Ya cikinki?"

"Ban san ciwonsa ba."

"To, ki riƙa raba wa mijinki."

A hanya ya yi ta roƙonta a yi abin a gida, ƙofa a rufe.

Washegari da hantsi, shago ya cika maƙil da direbobi, sai ga ta da kwanon dusa da cokali. Ta dire a kan teburin shagon, kusa da rariyarsa.

"Maigida, ga maganinka. A nan ka saba yi min dariya, a nan za ka ci."