Malam Abbagana da Littafin da Bai Fito Ba

Ranar Juma'a, 12 ga Afrilu, 1957, cikin goman tsakiya na watan azumi, Allah Ya karɓi ran Malam Abbagana Kalli a gidan mahaifinsa da ke Gashua, bayan ya sha jinyar tarin fuka. Dukkanmu na Allah ne, wurinSa kuma za a tattara mu. Labarin bai iso mana Nguru ba sai ranar Asabar da hantsi, a bakin wani direban lori mai ɗaukar barkono. Ya tsaya a ƙofar makaranta yana tambayar wane ne Malam Mudi. Na fito, na ga ya cire hula ya riƙe a hannu, sai na san abin da ya kawo.

Ya Abbagana, haka nake kiranka kamar yadda ƙannenka suke yi, gama ka girme ni da shekara biyar. An ce ni zan rubuta ta'aziyyarka, don shekara shida muka yi muna koyarwa tare a makarantar kwana, ɗakina yana jikin naka. Na karɓa, amma ba don na cancanta ba. Ka bar mini amanar littafin 'yan aji bakwai na bara, akwai kuma gaskiyar da na ɓoye maka game da shi har ka koma ga Allah. Zan faɗe ta a takardar nan. Amma bari in fara da alherinka, shi ya fi yawa.

Lissafi da labarin ƙasa kake koyarwa. Ban taɓa ganin ka buɗe taswira kafin ka fitar da yara waje ba. Sai ka zana kogin Gashua a yashi da sanda, ka tsiyaya ruwan buta a ciki, ka ce su bi shi da ƙafa har inda ya tsaya. Yaran da aka kawo daga ƙauyukan Bade da na Yusufari, waɗanda suka zo ba Hausa a bakinsu balle Turanci, kai ne kake zama da su gindin tsamiya bayan la'asar, kuna cuɗa harsuna har su saki jiki. Duk ranar da ka ji yara sun yi shiru a wurin cin abinci, sai ka wanke hannu ka tsoma a kwanonsu. In tuwon bai dahu ba, mai dafuwa ya shiga uku a ranar. Ni kuwa ba ka raga mini. Kullum cewa kake yi, "Bakano, kai ɗan 'yan kasuwa ne, yaron da ya yi ƙoƙari ma sai ka taya shi ciniki kafin ka ba shi maki."

Maganar littafin ta samo asali ne daga rajista. A lokacin, ana rubuta yaro da sunan garinsu, sai muka wayi gari da Modu Gashua har uku a aji guda, ana kiransu na ɗaya, na biyu, na uku. Abin ya ɓata maka rai ƙwarai. Ka ce a gaban hedimasta, "Yaro ba buhun gyaɗa ba ne da za a buga masa lamba." Daga shekarar 1952 ka kafa ƙa'ida: duk ajin da zai gama, kowane yaro zai cika shafi guda da hannunsa. Ya rubuta sunansa na yanka, da na ubansa, da na kakansa, da unguwarsu, da abin da ya fi ba shi wuya a karatu, da abin da yake fatan zama. A ƙarshen shafin abokansa su ƙara layi biyu na tsokana, wane ne sarkin barci a aji, wane ne ya taɓa zura ƙwallo a ragarsu. A haɗa duka, kowa ya tafi gida da kwafi.

Shekarar farko da hannu aka kwafa, yara suka yi ta yarfe yatsu. Daga baya makaranta ta samu tsohon keken rubutu da injin gurza takardu. Ga wanda bai taɓa gani ba, akan buga rubutun ne a kan wata takarda siririya mai shafen kaki, haruffan su huda kakin, sannan a ɗaura ta a jikin injin, a zuba tawada, a riƙa murɗa hannu. Takarda guda sai ta haifi hamsin. Kai kaɗai ka iya bugun, da yatsa biyu, kamar kaza tana tsattsagar gero. Yara su murɗa inji, su jera shafuka a kan tabarma, su ɗinke da basilla. Makon da ake wannan aiki ba mai iya hana su dariya.

Kana da wata al'ada da nake ganin girmanka a kanta. Kowane yaro da Bisimilla yake buɗe shafinsa. Ka ce ba za ka yarda takarda mai sunan Allah ta ƙare a kasuwa ana ƙunshe ƙosai da ita ba. Saboda haka da zarar ka gama buga shafi a takardar kaki, ka duba ba kuskure, sai a ƙone na hannun a bayan masallacin makaranta, a binne tokar. Ni nake riƙe maka ashana.

'Yan ajin bara su talatin da huɗu ne. A cikinsu akwai Saleh, ɗan garin Kumagannam, wanda ba mai kama ƙafarsa a lissafi. Ya rubuta shafinsa da farkon damina, zazzaɓi ya ɗauke shi kafin kaka. Mahaifinsa ya zo a kan raƙumi ɗaukar akwatinsa. Ka zaunar da tsohon, ka karanta masa abin da ɗansa ya rubuta, kana fassara masa da Barbarci. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙo hannu ya ce a ba shi takardar. Ka ce, "Baba, ka yi haƙuri. Wannan fensir ne, zai goge. Zan aiko maka da bugagge, wanda jikokinka za su gani." Tsohon ya janye hannunsa, ya yi godiya, ya tafi.

Tarin ya kama ka sosai a ƙarshen shekara, har yaran suka watse a watan Disamba ba littafi. Ka yi musu alkawarin za a bi kowa da nasa ta gidan waya. Janairu da Fabrairu ka yi su kana bugu, kana tsayawa kana tari a cikin ƙyalle. Ka gama shafi talatin da huɗu, ka ƙara gabatarwa taka a farko. Muka ƙone na hannu, har da na Saleh. Abu ɗaya ya rage, tawada ta ƙare, an aika Kano ana jiran jirgi ya kawo. Ba ta iso ba har 'yan'uwanka suka zo ɗaukarka. Ana cicciɓarka cikin lori ka kama hannuna ka ce, "Mudi, takardun suna ƙarƙashin gadona. Ka adana su."

Na shiga ɗakinka na tarar da su a shimfiɗe a ƙasa tsakanin allo biyu, kusa da randar ruwa. Wallahi har tsaki na yi. Na ce ciwo ya sa Malam sakaci, ya za a bar rubutu a ƙasa, inda gara take, inda ƙafa take bi? A gidanmu na tashi na ga kakana yana rataye littattafansa a sama, haka ubana ma. Na ɗauko gafakar da na gada, jakar fatar nan ta adana littafi, na naɗe takardun tsaf, na cusa, na ɗaure. Na hau tsani na rataye ta a can ƙololuwar sito, dab da rufin kwano. Na sauko ina jin na cika amana. Ban tambayi kaina dalilin da ya sa mutum mai hankali irinka zai zaɓi gindin randa ba. Sanyi kake nema musu, ni kuwa na kai su wuri mafi zafi a duk makarantar, ana shiga bazara.

Tawada ta iso ranar ashirin ga Maris. Na tara 'yan ajin bana, aka share inji, na hau na sauko da gafaka. Fatar ta ƙona mini hannu. Da na buɗe, sai na ga curi guda. Kakin ya narke, takardun sun manne, sun zama abu ɗaya. Na gwada ɓamɓarewa da wuƙa, na sa a inuwa, na jiƙa da ruwa. Duk wadda na ja sai ta yage, wadda ta fito kuwa kakin ya toshe haruffanta. Ko suna guda ban tsira da shi ba. Yaran suka yi cirko-cirko suna kallona, na ce su koma aji.

A makon na rubuta wa tara daga cikin 'yan ajin, waɗanda na san inda suke. Saura sun bazu, wasu Maiduguri, wasu aikin jirgin ƙasa, wasu soja, wasu ko labarinsu babu. Zuwa yau biyu suka amsa. Ɗaya ya ce ya manta abin da ya rubuta. Saleh kuwa ba inda zan aika masa.

Kwana biyar kafin rasuwarka na zo Gashua duba ka. Tun daga Nguru nake shirya yadda zan gaya maka. Na tarar da kai a zaure an jingina ka da bango, ka rame har ban so in dube ka ba. Bayan gaisuwa ba ka tambayi kowa ba, ka ce, "Tawada ta zo?"

Na ce, "Ta zo."

Ka ce, "Takardun fa?"

Na ce, "Suna nan lafiya."

Ka lumshe ido, ka yi hamdala. Ka ce in fara aika wa tsohon Kumagannam kafin kowa. Na ce to. Ina cikin azumi na faɗi wannan ƙarya, ga mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba. A hanya na riƙa gaya wa kaina tausayi ne, in ka ji sauƙi zan dawo in faɗa. Ba tausayi ba ne, Ya Abbagana, kunya ce da tsoro. Na ƙi in ga fuskarka, shi ke nan.

Ranar addu'ar bakwai na koma. Da zan tafi, matarka Ya Fanne, tana cikin takaba, ta yi mini magana ta bayan labule. Ta ce, "Malam Mudi, in littafin ya fito a ajiye wa Abbo guda. Malam ya ce akwai rubutunsa a farko, in yaron ya girma ya karanta." Ɗanka Abbo yana gefe, shekararsa uku, yana wasa da takalmana. Nan ma na ce to.

Allah Ya jiƙanka, Ya Abbagana, Ya gafarta maka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya saka maka da kowane harafi da ka koya wa ɗan wani. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifinka Baba Kalli da 'yan'uwanka, da malamai da ɗaliban makarantarmu, da 'yan ajin bara duk inda wannan takarda ta same su. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya Abbo, Ya shirya shi.

Wanda ya san hanyar Kumagannam, don Allah ya gaya wa mahaifin Saleh ya daina jiran saƙo. Ya Fanne, Allah Ya ba ki juriya. Littafin ba zai fito ba, rubutun Malam na ƙarshe ya narke a hannuna, ban kuma haddace ko layi guda da zan gaya wa Abbo ba. Ku da kuke raye, in kun ga dama ku yafe mini. Ku taya ni roƙon Allah kuma, don wanda ya fi cancanta in nemi gafararsa ya tafi yana yi mini godiya.